Inshora, takaful, tanadi ko gyaran gida: wanne zai tsaya wa mai gida ranar da ambaliya ta zo?

Duk shekara kafin damina hukumar NiHSA, mai lura da koguna da madatsun ruwa a Najeriya, tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da take hasashen ambaliya za ta shafa. Da jerin ya fito sai magana ta tashi a majalisu. Wani ya ce a ɗaga dandamali a yashe kwata, wani ya ce a riƙa ajiye wani abu a gefe. Kaɗan ne ke ambaton inshora, kuma da an ambace ta sai ka ji an ce haramun ce, ko a ce kamfanonin ba sa biya. Wannan bayani na mai gidan da ke da ɗan abin da zai iya warewa a shekara ne, amma ba zai ishe shi yin komai da komai ba, yana son sanin inda kuɗin zai fi yi masa rana.

Kafin a kwatanta komai sai an raba ruwa gida biyu. Akwai ruwan da muka saba da shi lokacin marka: magudana ta toshe da leda, ruwa ya shigo tsakar gida zuwa idon sawu, bayan awanni ya janye, a shanya tabarmi a ci gaba da harkoki. Akwai kuma wanda ke zuwa jefi-jefi ya tashi unguwa sukutum. Madatsar ruwan Alau ta yi ambaliya a Maiduguri a 1994, sannan ta sake ɓallewa a watan Satumban 2024. Shekara 30 ke tsakani. Mutane sun sayi filaye, sun yi gini, sun aurar da 'ya'ya a cikin gidajen nan ba su taɓa ganin ruwa ya haura zaure ba, sai ga shi a dare ɗaya ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. A Mokwa ta jihar Neja, ruwan ƙarshen watan Mayun 2025 ya share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, sama da mutum 150 suka rasu. A 2022 kuwa alkaluman gwamnati sun nuna sama da mutum 600 sun rasu a faɗin ƙasar, gidaje sama da 200,000 sun rushe ko sun lalace. Zaɓin da ke maganin ruwa na farko ba lallai ya yi maganin na biyu ba, kuma a nan ne yawancin masu gida ke yin kuskuren lissafi.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi: nawa za ka fitar, sau ɗaya ne ko duk shekara. Na biyu ɗorewa: kariyar za ta kai yaushe, kuma tsadar kayan gini za ta cinye ta ko a'a. Na uku sauƙi: takardu, zirga-zirga, da jiran biya. Na huɗu kasada: ta ina abin zai iya ba ka kunya ranar buƙata.

Akwai na biyar, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: shin wanda ka dogara da shi zai nutse tare da kai? Gobara takan ci gida ɗaya ko biyu, maƙwabta su taru su tallafa. Ambaliya kuwa tana cin mai gida da maƙwabcinsa da ƙaninsa da ke bayan layi da mai shagon da ke ba shi bashi, duk a rana ɗaya. Sai kuma tambayar addini, wadda ba a tsallake ta a wurinmu, za ta zo a inda ta dace.

Gyaran gida da ƙarfafa shi

Wannan shi ne zaɓin da kowa ya fi yarda da shi, domin kuɗin yana nan a gabanka kana ganinsa. A zuba ciko na marmara a ɗaga tsakar gida sama da titi, a gina dandamali a bakin ƙofa, a yi wa gindin katangar ƙasa yaɓen siminti ko a ɗora ta a kan layukan bulo, a gyara indararo kada ya riƙa zuba a gindin bango, a ɗaga bakin rijiya da na masai. Masu sola su ɗaga batura da inbata daga ƙasa, a mayar da soket sama kaɗan. Unguwa ta haɗu ta yashe magudana kafin ruwan farko.

Kuɗinsa na da yawa a tashin farko, tifofin ƙasa da buhunan siminti da ladan birkila, amma aikin yakan yi shekaru. Ba takarda, ba wanda zai ce maka ka dawo gobe. Ga ruwan shekara-shekara babu abin da ya kai shi, kuma inshora ma ba ta maye gurbinsa.

Iyakarsa ita ce tsawon abin da ka gina. Dandamalin da ya kai gwiwa ba shi da abin cewa idan ruwa ya kai taga. Sannan idan kowa a layi ya ɗaga gidansa, ruwan sai ya tattaru a gidan wanda bai samu halin ɗagawa ba, abin da ke haddasa rigima tsakanin maƙwabta a unguwanni da dama. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa kuma, ciko ba zai sauya wa ruwan hanya ba.

Tanadi da adashi

Ajiya a banki, ko a dabbobi, ko zubin adashi, tana da daɗin sha'ani: kuɗinka ne, ba mai tambayar ka hujja. Idan ruwa ya jiƙa katifu biyu da buhun shinkafa, a nan za ka taɓa, a ranar.

Matsalar girman asarar ce. Mutum nawa ne za su iya ajiye kuɗin sake gina ɗakuna uku su bar shi yana jira? Ko an ajiye, darajar naira ba ta jira. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kuɗin buhun siminti ya ninka abin da aka sani a farkon 2023. Abin da ka ajiye don ɗaki biyu sai ya koma na ɗaki ɗaya. Ga kuma larurorin yau da kullum, asibiti da kuɗin makaranta da biki, waɗanda ke cinye ajiyar tun kafin damina. Adashi kuwa yana faɗuwa a ma'auni na biyar: 'yan zubin yawanci 'yan unguwa ɗaya ne ko kasuwa ɗaya, ranar da ruwa ya ci su duka kowa kwasa yake nema, ba mai zubi. Tumakin da aka ɗaure a tsakar gida a matsayin ajiya su ma ruwan ba ya ƙyale su.

Jiran tallafi

Hukumar NEMA ta tarayya da hukumomin agajin gaggawa na jihohi suna kai ɗauki: sansani, abinci, tabarmi, barguna, gidan sauro, wani lokaci kwanon rufi da siminti. Bayan ambaliyar Maiduguri gwamnatin Borno ta raba tallafin kuɗi ga magidanta, attajirai da ƙungiyoyi ma sun ba da gudummawa. Wannan alheri ne kuma ya ceci rayuka. Amma agaji an tsara shi ne don mutum ya tsallake makonnin farko, kuma ana raba shi ne tsakanin dubban ɗaruruwan mutane. Ba ka san nawa zai zo ba, ba ka san yaushe ba, kuma ba wanda ya yi maka alkawarin mayar da gidanka yadda yake. A sa shi a lissafi a matsayin ƙari kawai.

Inshorar kamfani

A nan zan daɗe, domin a nan ruɗani ya fi yawa. Abin da yawancinmu muka sani na inshora shi ne takardar mota ta naira 15,000 da ake nuna wa jami'an hanya. Waccan tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai, ko motarka ba ta biya idan ruwa ya ci ta, balle gida. Inshorar gida daban take.

A Najeriya ba kasafai ake sayar da inshorar ambaliya ita kaɗai ba. Tana zuwa ne a cikin inshorar gobara da aka faɗaɗa ta haɗa da wasu haɗura, irin su guguwa da fashewar bututun ruwa da ambaliya, ko a cikin inshorar gida ta gaba ɗaya mai haɗa gini da kayan ciki. Wanda ya sayi ta gobara zalla, ruwa ya rushe masa gida, ba shi da haƙƙin sisi. Saboda haka kada ka sa hannu sai an nuna maka layin da aka rubuta ambaliya a cikin takardar. Da Turanci ake rubuta ta, Turancin ma na lauyoyi. Ka je da wanda zai karanta maka, kada ka tsaya ga abin da wakilin kamfani ya faɗa da baki.

Kuɗinta bai kai yadda ake zato ba. Ana yanka shi ne a kan abin da za a kashe wajen sake gina gidan, ban da kuɗin fili, tunda fili ba ya rushewa. Ga gidan bulo mai rufin kwano yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 a shekara ba. A matsayin misali kawai: a ce sake gina gidanka zai ci naira miliyan 30, kamfani ya yanka maka kashi 0.25 cikin 100, za ka biya naira 75,000 a shekara. Ainihin farashin ya danganta da kamfani da irin ginin da inda yake. Gidan da ke bakin gulbi za a iya tsauwala masa, ko a ce an karɓi gobara ban da ruwa.

Ɗorewarta shekara ɗaya ce. Ranar da wa'adi ya cika ba ka sabunta ba, kariya ta yanke, ko da ka yi shekara goma kana biya. Ƙa'idar ƙasar nan kuma ita ce sai an biya kuɗi inshora ke fara aiki, babu zancen "zan kawo ƙarshen wata".

Akwai tarko ɗaya da ya fi kowanne kama mutane, shi ne rage darajar gida don a rage kuɗin shekara. Gidan miliyan 30, sai mutum ya rubuta miliyan 15. Ruwa ya yi ɓarnar miliyan 10, yana ganin ai goma ba ta kai sha biyar ba, za a biya shi duka. Kamfani zai ce rabin gidan ka yi wa inshora, don haka rabin asarar za mu ɗauka: miliyan 5, kuma a cire ɗan kason farko da yarjejeniya ta ɗora wa mai gida. Ko ba ka yi niyyar ragewa ba, tsadar siminti da rodi tana iya jefa ka cikin wannan hali idan ka bar tsohuwar ƙima shekara da shekaru. Duk lokacin sabuntawa ka sa magini ko mai ƙiyasin kuɗin gini ya sake lissafi.

Sauran abubuwan da za ka tambaya ɗaya bayan ɗaya: katanga da ƙyauren gida suna ciki? Sau da yawa ana cire su, alhali a gidajenmu katanga ce ke fara faɗuwa. Kayan ɗakin matan gida, firiji, injin wuta, sola, suna ciki ko ginin ne kawai? Tsabar kuɗi da gwal fa? Yawanci ko dai ba sa ciki ko an sa musu iyaka. Hajar kasuwa da ka ajiye a ɗakin zaure sai ka bayyana ta. Danshin da ke cin gindin bango a hankali, da yoyon rufin da aka ƙi gyarawa, ba a ɗaukar su a matsayin ambaliya. Idan kuma aka tambaye ka ko ruwa ya taɓa shiga gidan, faɗi gaskiya. Ɓoyewa na iya sa a soke yarjejeniyar ranar da ka zo neman biya.

Batun "ba sa biya" yana da tushe, amma sau da yawa tushen ɗaya ne daga cikin abubuwan nan, ko kuma takardar jabu da aka saya a hannun ɗan damfara. Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke sa ido kan harkar inshora, wadda kuma take karɓar ƙorafi. Ka biya ta asusun kamfanin, ba hannun mutum ba. Tun gidan yana lafiya ka ɗauki hoton kowane ɗaki da rasiɗan manyan kaya, ka tura wa wani ɗan'uwa a wani gari ko ka ajiye a imel, domin takardar da ke cikin durowa tare da gidan za ta jiƙe. Idan abin ya faru ka sanar da kamfani da wuri, kuma kada ka zubar da kayan da suka lalace kafin mai ƙiyasin ɓarna ya gani. Biyan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Ƙarfinta shi ne ma'auni na biyar. Asusun da za a biya ka daga ciki an tara shi ne daga Legas da Fatakwal da Abuja da Kano, kuma kamfanin kansa yana da inshora a wajen manyan kamfanoni. Ruwan da ya ci unguwarku bai kai can ba.

Takaful

Malamai da yawa ba su aminta da inshorar kasuwanci ba saboda garari, wato sayen abin da ba a san ko za a samu ba, da kuma juya kuɗin a harkar bashi da ruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke haka a 1985, ta kuma halatta inshorar taimakekeniya a madadinta. Akwai malaman da suka halatta ta kasuwancin, irin su Mustafa al-Zarƙa na Siriya, amma ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, takaful, wato inshorar taimakekeniyar nan, ita ce mafita.

Yadda take: mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar tabarru'i, wato kyauta don a tallafi duk wanda musiba ta faɗa wa a cikinsu. Kamfani wakili ne mai kula da asusun, yana ɗaukar ladansa, kuma kwamitin malamai na duba inda ake juya kuɗin. Idan shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi biya ba. Idan asusun ya gaza, kamfani na ba shi rance marar ruwa. Malamai sukan kafa hujja da hadisin Ash'ariyyawa, waɗanda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai, Manzon Allah (SAW) kuma ya yabe su. Sudan ce ta fara kafa kamfani irin wannan a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da Salam Takaful. Ba sai Musulmi ba, kowa na iya shiga.

Ta fuskar farashi ba ta da nisa da inshorar kamfani, kuma rarar ƙarshen shekara ba alkawari ba ce, kada a gina lissafi a kanta. Duk sharuɗɗan da na lissafa a sama suna nan: wa'adin shekara, tarkon rage ƙima, katanga, faɗin gaskiya. Sunan Musulunci ba ya ɗauke wa mutum karanta takarda. Rauninta shi ne kamfanonin kaɗan ne, ofisoshinsu a manyan birane suke, kuma asusunsu bai kai na tsofaffin kamfanoni girma ba, don haka ya dace ka tambayi wanda ke tsaya musu idan asara ta yi yawa.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Inda yake ba da kunya |
|---|---|---|---|---|
| Gyaran gida | Mai yawa, sau ɗaya | Shekaru | Ba takarda | Ruwan da ya haura abin da aka gina |
| Tanadi da adashi | Gwargwadon hali | Tsada na cinye shi | Nan take | Bai kai kuɗin sake gini ba |
| Tallafi | Babu | Ba tabbas | Rajista da jira | Ba a san nawa ko yaushe ba |
| Inshorar kamfani | Kaɗan, duk shekara | Shekara ɗaya | Takardu da jiran biya | Ambaliya ba ta cikin takarda, ko an rage ƙima |
| Takaful | Kusan ɗaya da inshora | Shekara ɗaya | Ofisoshi kaɗan | Sharuɗɗa iri ɗaya, asusu ƙarami |

Wanne ya dace da wa

Mai gidan bulo a gari da ke ƙasan madatsa ko kusa da babban kogi, irin Maiduguri ko Yola ko Lokoja ko Makurɗi, wanda gidan shi ne duk abin da ya tara a rayuwarsa: ya ɗauki takaful ko inshora mai ambaliya a rubuce, gini da kaya, a kan cikakkiyar ƙima. Garuruwan bakin Binuwai suna shan ruwan da ake saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, kuma ba dandamalin da zai tare wannan. Ya yi hakan tun da rani. Kamfani ba zai karɓi gidan da ruwa ya riga ya kewaye ba.

Wanda matsalarsa toshewar kwata ce a cikin unguwa mai cunkoso, ruwa na shigowa duk Agusta amma bai taɓa wuce ƙauri ba: kuɗinsa ya fara zuwa ciko da dandamali da magudana. Ƙananan asarori irin nasa galibi ba sa wuce kason da ake ɗora wa mai gida, don haka inshora ba za ta biya shi abin kirki ba. Idan ya gama gyara kuma da sauran hali, sai ya ƙara da inshora, ko don gobara.

Mai ginin ƙasa a ƙauyukan kwarin Haɗeja, wajen Auyo ko Guri, inda ciyawar kachala ke toshe hanyoyin ruwa kogi ya tumbatsa: gaskiya kamfanoni ba sa ɗokin karɓar ginin laka ko rufin ciyawa, musamman a inda ruwa ke zuwa kusan kowace shekara. Ya tambaya, amma ƙarfinsa ya tafi ga ɗora gini a kan bulo, ɗaga rumbu, da ajiye wani ɓangare na hatsi da dabbobi wajen dangi a tudu. Gonarsa kuma akwai hukumar inshorar noma ta NAIC, wadda harkarta daban ce da ta gida.

Ɗan haya ba shi da ruwa da ginin, amma zai iya yi wa kayansa kaɗai inshora, kuma kuɗin kaɗan ne. Mai gidajen haya ya haɗa su a takarda ɗaya, ya tambaya ko za a sa masa kuɗin hayar da zai rasa lokacin gyara. Wanda ya sayi gida da bashin banki, akwai yiwuwar bankin ya riga ya sa an yi wa gidan inshora. Ya nemi kwafin takardar ya duba ko ambaliya na ciki, kuma ƙimar ta gidan ce gaba ɗaya ko ta ragowar bashin kawai. Gidan gado da marayu ko gwauruwa ke zaune a ciki kuwa, magada su haɗa kuɗin shekarar a tsakaninsu, a rubuta takardar da sunan wanda doka ta sani a matsayin mai kula da gidan, don kada a tsaya jayayyar wanda zai karɓi biya alhali yara na kwana a sansani.